Babi na Tara: A Rubuta Abin da ke Cikin Tukunya

Ranar 22 ga Afrilun 2017 wani saurayi ɗan Ingila mai suna Owen Carey ya shiga Landan yawon murnar cika shekara 18 da haihuwa. Da yunwa ta taso, shi da abokan tafiyarsa suka shiga gidan abincin Byron da ke babban zauren O2. Owen ya san jikinsa. Tun yana ƙarami akwai abubuwan da in ya ci jininsa ke bori, madara na cikinsu, saboda haka kafin ya zaɓi abin da zai ci sai da ya gaya wa mai kawo abinci. Ya duba takardar jerin abinci, ya ga gasasshen naman kaza, ba a rubuta an haɗa shi da komai ba, ya ce a kawo. Abin da takardar ba ta faɗa ba, ma'aikacin ma bai faɗa ba, shi ne a kicin ɗinsu sai an tsoma naman cikin tsala ya jiƙu kafin a ɗora shi a wuta. Rabi kawai ya ci, leɓensa ya fara ƙaiƙayi, cikinsa ya fara juyawa. Kafin awa ɗaya ya yanke jiki ya faɗi kusa da London Eye, ya cika a asibitin St Thomas da ke tsallaken hanya. Ranar bai fito da allurarsa ta gaggawa ba.

A watan Satumbar 2019 kotun binciken musabbabin mutuwa ta Southwark ta saurari batun. Alƙaliyar ta tabbatar cewa yaron ya faɗi lalurarsa, kuma takardar jerin abincin ta kwantar masa da hankali a inda bai kamata ba. Gargaɗin da ke jikinta ƙananan haruffa ne a bayan takarda, masu cewa duk mai matsala ya tambayi ma'aikata. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Owen ya tambaya, ya ɓata, kuma a wannan rana tsarin da gidan abincin ke bi na dogaro da tambaya bai saɓa wa doka ba. Daga nan iyalinsa suka fara fafutukar abin da ake kira Dokar Owen.

Kafin a gane abin da suke nema sai an san dokar da suka tarar. Tun watan Disambar 2014 ƙa'idar Tarayyar Turai, wadda Birtaniya ke ciki a lokacin, ta ware abubuwa 14 da dole mai sayar da abinci ya bayyana in suna cikin kayansa. Akwai madara, ƙwai, kifi, gyaɗa, riɗi, waken suya, alkama da danginta, jatan lande da ƙaguwa, dangin dodon koɗi, kashu da sauran masu ƙwanso irinsa, sai wasu guda huɗu da ba su cika shiga tukunyarmu ba: mustad, seleri, lufin da sinadarin salfait. In abinci na gwangwani ne ko na leda da aka haɗo daga masana'anta, sai an rubuta su a jiki da haruffa masu kauri. In kuwa na gidan abinci ne, an bar wa kowace ƙasa ta zaɓi yadda za a sanar. Birtaniya ta yarda a sanar da baki, muddin an kafa alamar da ke cewa a tambaya. Ayilan, maƙwabciyarta, ta ce ita sai a rubuce, kuma haka take yi tun daga wancan Disamba.

Wannan rangwame na baki ya bar ƙofa biyu a buɗe. Ta farko an rufe ta ne bayan rasuwar Natasha Ednan-Laperouse, yarinya 'yar shekara 15. Ranar 17 ga Yulin 2016 ta sayi burodi mai haɗi a shagon Pret a Manger da ke filin jirgin saman Heathrow, za ta Nice ta ƙasar Faransa tare da mahaifinta da ƙawarta. Ta karanta ledar, ba ta ga riɗi ba. Ashe an kwaɓa riɗin ne cikin ƙullun burodin, ido ba ya ganinsa. A cikin jirgi numfashinta ya fara sarƙewa. Mahaifin ya yi mata allura biyu, ba su isa ba, ta rasu a wani asibiti a Nice. Dalilin da ledar ta zo ba rubutu shi ne an haɗa burodin a kicin ɗin shagon, kuma doka ta ɗauki irin wannan kamar abincin ƙaramin shagon unguwa da mai shi ke tsaye yana amsa tambaya. Rangwamen da aka yi don ƙaramin ɗan kasuwa, sai ga kamfani mai ɗaruruwan rassa yana fakewa da shi. A zaman kotu na Satumbar 2018 aka ji cewa tun kafin Natasha an sha kai wa kamfanin koke a kan riɗi. Ministan muhalli da abinci na lokacin, Michael Gove, ya ɗauki batun, kuma daga 1 ga Oktoban 2021 duk abincin da aka naɗe a shago kafin mai saye ya zo, dole a manna masa cikakken jerin abin da ke ciki. Ita ce Dokar Natasha.

Ƙofa ta biyu ita ce farantin da ake kawo maka a tebur, kuma ita Dokar Owen ke son rufewa. Buƙatun ba su da yawa. A rubuta waɗannan abubuwa 14 a fuskar takardar jerin abinci, kusa da sunan kowane abinci, inda mai zaɓe zai gani ba sai ya nema ba. Ma'aikaci shi zai fara tambayar baƙo ko akwai abin da ba ya ci, maimakon a jira baƙo ya buɗe baki. A horar da ma'aikata. A kuma buɗe rajistar waɗanda irin wannan bori ya kashe, don likitoci su koyi wani abu daga kowace mutuwa. Majalisar dokoki ta yi muhawara a kan koken iyalin ranar 15 ga Mayun 2023. A Disambar 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya, FSA, ta amince cewa ya kamata rubutun ya zama wajibi, ta ce za ta rubuta wa ministoci. Abin da ya fito a watan Maris na 2025 kuwa littafin shawara ne ga gidajen abinci, wanda ya so ya bi, wanda bai so ba ba mai kama shi.

Mai karatu na iya cewa, to mutum nawa ne abin ya shafa har da za a ɗaga wa dubban gidajen abinci hankali? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta fuska biyu gare ta. Wani bincike da masana na Imperial College suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ a 2021 ya bi diddigin shekara ashirin, daga 1998 zuwa 2018. Ya gano mutum 152 da abinci ya kashe ta wannan hanya a duk Birtaniya, wato ƙasa da goma a shekara. In ana maganar gawa ne kaɗai, haɗarin mota ya fi wannan nesa ba kusa ba. Amma a cikin shekarun nan yawan waɗanda ake kwantarwa asibiti saboda mummunan borin abinci ya ninka sau uku. A 2024 kuma FSA ta fitar da ƙiyasin cewa kusan kashi 6 cikin 100 na manyan ƙasar, mutum wajen miliyan 2.4, suna da irin wannan lalura. A Amurka ana ƙiyasta yaro ɗaya cikin 13. Waɗannan mutane ne da kowane cin abinci a waje ke zame musu caca, tare da iyayensu da malamansu da duk wanda ya gayyace su biki. Abin da ke sa matsala ta tashi daga hannun likita ta koma hannun hukuma ke nan: mai lalurar ba shi da ikon kare kansa shi kaɗai, don ba shi ya dafa ba, bai kuma shiga kicin ba.

Wani abu da binciken na BMJ ya nuna ya ba mutane da yawa mamaki. Kowa gyaɗa yake tsoro, kuma gaskiya ne ita da dangin kashu suka fi kisa in an haɗa manya da yara. Amma a tsakanin yara 'yan makaranta, madarar shanu ce abu guda da ya fi kowane kashe su, kusan ɗaya cikin huɗu. Dalili shi ne madara na ɓuya. Tana cikin man shanu, tana cikin burodi da biskit, tana cikin ruwan da aka jiƙa nama. Ga kuma ruɗani: jama'a na haɗa ta da matsalar nan ta wanda in ya sha madara cikinsa ke kumburi ya yi ta zarya bayan gida. Wannan daban. Shi hanjinsa ne ba ya iya narkar da sukarin madara, zai sha wahala ya warke. Mai bori kuwa garkuwar jikinsa ce ke ɗaukar furotin ɗin madarar a matsayin abokin gaba, ta saki sinadarai irin su histamin gaba ɗaya a cikin jini. Fata ta yi rudu-rudu, maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska a huhu su tsuke, jijiyoyin jini su saki har bugun jini ya faɗi. Likitoci na kiran wannan anafilaksis, kuma yana iya gamawa da mutum cikin mintuna. Ƙwayar Piriton ba ta tare shi. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya nan take, a kwantar da mutum, kada a bari ya miƙe yana tafiya, a nemi asibiti ko da ya ji sauƙi. Dafuwa ko suya ba sa kashe furotin ɗin gyaɗa, cire ta daga saman faranti ma ba ya amfani, abin da ya shafi cokali ya isa.

Ma'aikacin da ke yawo tsakanin tebura goma cikin hayaniya, wataƙila makonsa biyu da fara aiki, wataƙila Turancin ma bai zauna masa a baki ba, shi ake so ya riƙe duk wannan a ka, ya kuma san abin da mai dafuwa ya zuba da asuba. Ni a ganina nan ne hujjar masu son doka ta fi ƙarfi. Ba cewa suke ma'aikata maƙaryata ne ba. Cewa suke bai dace a rataya ran mutum a kan abin da wani yaro ya tuna ko ya manta ba. Akwai kuma kunya. An daɗe da lura cewa samari da 'yan mata sun fi faɗawa haɗari, don saurayin da ya fita da abokai ba ya son a gan shi yana yi wa ma'aikaci tambayoyi kamar mai tsirfa. Har kamfen FSA ta yi a 2018 don ƙarfafa wa matasa gwiwar tambaya. Rubutu a takarda yana ɗauke masa wannan nauyi, ya karanta shiru ya zaɓa.

Masu gidajen abinci suna da nasu uzurin, kuma ba duka ne na son kai ba. Babban kamfani da ke dafa abu iri ɗaya a rassa ɗari, buga takarda ba komai ba ne a wurinsa. Ƙaramin gida da ke sauya girki kullum gwargwadon abin da aka samo a kasuwa fa? In dillali ya kawo wani irin man miya yau, gobe ya kawo wani, takardar jiya ta zama ƙarya, kuma ƙaryar da ke rubuce ta fi ta baki haɗari, don mutum ya fi sakin jiki da ita. Sun kuma ce in aka tsananta, kowa zai kare kansa ne da rubuta cewa mai yiwuwa akwai gyaɗa, mai yiwuwa akwai madara, a kan komai har ruwan shayi. Sai mai lalura ya rasa abin ci, ko ya gaji ya daina kula da gargaɗin.

Wannan tsoro ba zato ba ne, an ga irinsa a Amurka. Can dokar 2004 ta wajabta bayyana abubuwa takwas a jikin abincin masana'anta. Ranar 23 ga Afrilun 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ƙara riɗi ya zama na tara, za ta fara aiki 1 ga Janairun 2023. Iyayen yara masu borin riɗi suka yi murna. Amma masu gidajen burodi suka zauna suka yi lissafi. Riɗi ƙanana ne, yana maƙalewa a injin, yana tsalle daga wannan layi zuwa wancan. Tabbatar da cewa burodin da ba na riɗi ba ya fita tsaf yana bukatar tsayar da injina a wanke, ko gina wani layi daban. Hanya mafi arha ita ce a barbaɗa ɗan garin riɗi a cikin kowane ƙullu da gangan, a rubuta a leda cewa akwai riɗi, shi ke nan an bi doka. Haka da yawa suka yi. A Disambar 2022 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ruwaito cewa burodin da ake ci a gidajen abincin Olive Garden da Wendy's da Chick-fil-A ya koma mai riɗi. Yaron da jiya yake cin burodin lafiya, yau ya haramta gare shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ba ta goyon bayan dabarar, amma ba ta saɓa wa doka ba. Garin gyaran gira aka tsone ido.

Darasin da na ɗauka daga nan ba wai a bar doka ba ne. Masu rubuta ta ne ya kamata su fara tambayar kansu, wace hanya ce mafi arha da ɗan kasuwa zai bi ya ce ya cika umarni? Don ita zai bi. Jihar Kalifoniya ta yi la'akari da kukan ƙananan gidaje a dokar da gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Oktoban 2025: wajibcin rubutawa a takardar jerin abinci ya hau kan kamfanoni masu rassa 20 zuwa sama ne kawai. Sassauci ne da za a iya muhawara a kansa, tunda bori bai san girman shago ba, amma ya fi babu.

Akwai kuma abin da rubutu ba ya magani, wato ha'inci. A Janairun 2014 wani mutum ɗan shekara 38 a arewacin Yorkshire ya sayi abincin Indiya ya tafi da shi gida. Ya ce kada a sa gyaɗa, har an rubuta haka a murfin robar. An tsinci gawarsa a gidansa. Bincike ya nuna mai gidan abincin, don rage kashe kuɗi, ya daina sayen garin almon ya koma wani haɗi mai arha da aka yi da gyaɗa, kuma an riga an gargaɗe shi bayan wata yarinya ta kwanta asibiti. A Mayun 2016 kotu ta ɗaure shi shekara shida bisa laifin kisa ta hanyar sakaci. Masu adawa da Dokar Owen na iya kawo wannan misali su ce ga shi nan, an rubuta kuma an mutu. Ni kuwa akasin haka nake gani. Wannan murfi da aka rubuta a kai yana cikin abin da ya nuna wa kotu cewa mutumin ya faɗa kuma an ji. Da da baki aka yi, da sai a ce bai faɗa ba, shi kuma ba ya nan balle ya musa. Rubutu yana tilasta wa mai kicin ya zauna ya san kayansa tun daga buhu, yana kuma barin shaida in an yi sakaci.

Batun bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Biyu daga cikin abubuwan nan 14, riɗi da gyaɗa, sanannun amfanin gonarmu ne. Riɗin da ake lodi a Maigatari da sauran kasuwannin Jigawa yana cikin wanda ke tafiya ƙasashen waje, gyaɗa kuwa Kano ta yi dalarta tun kafin a san man fetur. Girkinmu cike yake da su a inda baƙo ba zai zata ba. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Kilishi sai an tsoma shi cikin labu. Miyar taushe da gyaɗa ake kaurara ta, ga kunun gyaɗa, ga kantu. Bahaushen da ya buɗe wurin tsire a Peckham ko Manchester yana ƙarƙashin wannan doka kamar kowa. In Bature ya tambaye shi ko akwai gyaɗa a naman, ya dubi tsinken ya ce nama ne da yaji kawai, da zuciya ɗaya ya faɗa, amma amsar na iya kai mutum kabari, ta kai shi kurkuku. A gida kuma mun saba in yaro ya ce in ya ci ƙwai jikinsa na ƙaiƙayi, a ce iyayi ne, ci ka saba. Baƙo ya ƙi cin abin da aka kawo masa, a ce raini ne. Wanda ya taɓa ganin leɓen yaro ya kumbura, muryarsa ta shaƙe bayan loma biyu, ba zai sake faɗin haka ba.

Abin ban sha'awa, a wajen rigakafi ilimin zamani ya juyo ne zuwa ga ba wa jarirai gyaɗa da wuri. Farfesa Gideon Lack na King's College da ke Landan ya lura cewa yaran Yahudawa a Birtaniya sun fi takwarorinsu na Isra'ila borin gyaɗa kusan sau goma, alhali a Isra'ila tun suna jarirai ake ba su wani abin taunawa na gyaɗa mai suna Bamba. Gwajin da ya jagoranta a kan jarirai 640, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna fara ba su gyaɗa tun kafin su cika shekara yana rage kamuwa da wajen kashi 80 cikin 100. Shawarar da aka daɗe ana ba iyaye a Turai da Amurka ta su nisanta jarirai da gyaɗa sai da aka janye ta. Wannan rigakafi ne ga wanda bai kamu ba, kuma jaririn da ke da tsananin ƙyasbi ko borin ƙwai sai an ga likita tukuna. Ga wanda ya riga ya kamu, ɗura masa ba ya sa ya saba.

Shi wanda ya riga ya kamu, kariyarsa biyu ce: ya san abin da ke cikin faranti, ya kuma riƙe allurarsa. Ta biyun a hannunsa take. Ta farkon a hannun mai tukunya take, kuma shawara ba ta isa ta fito da ita ba, don gidan da zai bi shawara dama shi ne mai kula, wanda ake tsoro shi ne wanda sai ya ji za a ci shi tara. Ƙananan gidajen abinci na Ayilan sun shekara fiye da goma suna rubutawa, wasu a allo da alli, wasu a takarda guda da ake sauyawa in girki ya sauya, kuma ba a rufe su ba. Majalisar Birtaniya ba ta da hujjar da za ta hana ta mayar da Dokar Owen doka.